Goran Baba da Albasar Augie

Mu 'yan Argungu da aiki ya kai Birnin Kebbi muna da wata cuta guda. Da an ce an sa ranar bikin kamun kifi, sai muryarmu ta ƙaru. A ofis, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, ba ka jin komai daga bakinmu sai Matan Fada, wato kogin da ake kamun a cikinsa. Maƙwabtana na unguwar Badariya duk sun gaji da ni. Akwai wani mutumin Binuwai da muke katanga ɗaya, kullum sai ya ce kogin garinsu zai shanye namu ya nemi ƙari. Ni kuma in ce masa girman banza ne, tunda ba a taɓa harba bindigar buɗe kamu saboda kifinsu ba. Haka muke yi har matanmu su kira mu cin abinci.

Shekarar da nake son ba da labarinta ita ce wadda aka dawo da bikin bayan an daɗe ba a yi ba. Yarana uku, maza biyu da Auta, duk a cikin wannan tsakanin suka yi wayo, don haka ba su san bikin ba sai a bakina. Bakin nawa kuwa ba ya rage komai. Na gaya musu akwai lilon ƙarfe mai kai mutum sama har ya hango garin Gulma. Na gaya musu ana tara buhunan shinkafa har su fi gidanmu tsawo, ana sakin agwagi a ruwa ƙarti su bi su da iyo, ana fito da kifin da ya fi babansu nauyi. Wannan na ƙarshen ne kawai suka ƙi yarda da shi, saboda sun san nauyin babansu.

Mahaifina masunci ne, ɗan masunci. Da kifi ya ciyar da mu, da kifi ya sa mu makaranta. Kayan aikinsa biyu ne da ba ya wasa da su. Akwai homa, raga ce mai baki da sanda lanƙwasasshiya, guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Sannan akwai gora, ƙaton duma mai rami a sama, wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi ta yawo a ruwa, in ya kama kifi ya jefa ciki. Goran Baba ya girme ni. Ya yi baƙi, ya yi santsi saboda gugar ciki, kuma a gefen bakinsa akwai wata tsaga da ya ɗinke tun muna yara, ɗinkin ya fito da siffar kunama. Yana rataye a zaurenmu na Argungu, kowa ya shigo sai ya sunkuya.

A shekarun da ba a yi bikin ba, tsufa ya zo wa Baba bai yi sallama ba. Hawan jini ya kama shi, gwiwarsa ta dama ta fara ƙara in zai tashi daga sujada. Ya daina zuwa su a fadama, ƙannena suka karɓa. Ba wanda ya yi zaton zai sake tunanin ruwa. Sai ga shi ranar da rediyo ta ce an dawo da biki, kafin a gama labarai ya sauko da homa ya zauna gyara.

Yaya ce ta kira ni. Ita ce babbarmu, tana aure a Gulma, tana sana'ar shinkafa, kuma tun muna ƙanana ba a gardama da ita a ci riba. Ta ce in na manta yadda ake shiga Matan Fada ranar ƙarshe, ita ba ta manta ba. Dubban ƙarti ne suke jeruwa nesa da gaɓa, a harba bindiga, su kwaso da gudu, wanda ya faɗi a bi ta kansa. Ta ce tsoho mai hawan jini da gwiwa ɗaya ba zai kai bakin ruwa da ƙafarsa ba. Na ce to mu gaya masa. Ta tambaye ni yaushe na taɓa gaya wa Baba kada ya yi abu ya fasa.

Dabarar ta Yaya ce, kuma har yau ina jinjina mata. Ta ce kada a taɓa homa, don in an ɗauke zai saƙa wata kafin sati. Gora za a ɗauke. Baba ba ya kwanciya a kan goran wani. Ya sha gaya mana kowane gora da halinsa, wani yana karkata dama, wani yana juyewa in ka miƙa hannu, kuma wanda ya hau goran aro shi da wanda ya hau doki bai san shi ba duk ɗaya ne. Tsofaffin masunta da yawa haka suke. Idan babu goransa, ba sai an hana shi ba, shi zai hana kansa.

Ni aka aika, da yake ni ke da mota. Na je ran wata Asabar, na jira ya tafi sallar La'asar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Da ta ga na ɗauko kujera na nufi zaure, sai ta juya tabarmarta ta fuskanci bango, ta ci gaba da tsinta. Ta ce ita dai ba ta ga komai ba, kuma in an tambaye ta abin da za ta faɗa ke nan, ba ta yi ƙarya ba. Goran ya ƙi shiga but ɗin motar. Sai a kujerar baya na zaunar da shi, na ɗaure shi da bel, muka kama hanyar Birnin Kebbi. A shingen hanya wani jami'i ya leƙo, ya dube shi, ya dube ni, ya tambaya ko ɗan'uwana ne.

A Badariya matsala ta zama inda za a ajiye shi. Ƙarƙashin gado ya ƙi, saman kwaba ya ƙi. Ya ƙare a lungun falo, bayan labule. Ba a yi kwana nawa ba wan matata ya aiko mata da albasa daga Augie, mai yawa, irin manyan nan jajaye. Na dawo daga aiki na tarar ta cika goran fal. Raina ya ɓaci sosai. Na ce wannan goran da take gani, kifin da ya ɗauka shi ya biya min karatu. Ta ce to ai bai sauka daga layinsa ba, da yana ɗaukar kifi, yanzu yana ɗaukar abin da ake dafa kifi da shi. Ta ƙara da cewa albasa ba ta taɓa jin daɗin wuri kamar nan ba, ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Na shige ɗaki.

Auta kuwa ta samu abin hawa. Lokacin ba ta daɗe da shiga aji ɗaya ba. Da ta dawo daga makaranta sai ta yaye labule, ta haye goran, ta ɗauki ludayi tana tuƙi, tana cewa ta tafi Argungu. Kafin mu tafi Argungu bikin na tara yaran na ja musu kunne, kada wanda ya ambaci gora a gaban Kaka. Mazan suka yarda bisa sharaɗin hawa lilo sau biyu. Auta ta gyaɗa kai da gaske, har da sa yatsa a baki. Abin da na manta shi ne wasan jika da kaka. Tun tana goye Baba yake kiranta amaryarsa, ita kuma tana ce masa angona, kuma a fahimtarta amarya ba ta ɓoye wa ango komai.

Muka isa Argungu muka tarar garin ya cika ya batse. Kowane gida da baƙi, kowane zaure da tabarmi. A gidanmu 'yan'uwa daga Gulma sun riga mu, Yaya har ta karɓe madafi daga hannun Inna. Baba yana zaune a ƙofar gida, homa gyararriya a kan cinyarsa. Ya rame. Inna ta gaya min a ɓoye cewa tun da goran ya ɓata ba ya gama tuwonsa. Ya zagaya unguwa gida gida, ya je kasuwar duma ya duba ko ɓarawo ya kai, har ya sa an yi cigiya a masallaci. Da na durƙusa na gaishe shi, ya ba ni labarin ɓatan goran daga farko har ƙarshe, ni kuma ina ta cewa Allah ya tona asirin wanda ya ɗauka. Ya ce amin da ƙarfi.

Amma biki biki ne, kuma yara ba su san damuwar manya ba. Washegari tun da hantsi suka ja ni filin wasa. Lilon ƙarfen nan yana nan, sai dai bai kai yadda na faɗa ba, iyakar abin da ake hangowa daga sama rufin kwanon makarantar firamare ne. Mazan suka hau sau biyu kamar yadda aka yi alkawari, suka sauko suna cewa sun ga Gulma, don kada su kunyata ni. Ni ma aka matsa min na hau. Da muka kai sama injin ya tsaya, aka bar ni rataye ina karanto duk addu'ar da na sani, yara a ƙasa suna ɗaga min hannu. Matata ta ɗauki hoton, kuma har yau in mun yi saɓani shi take fitowa da shi.

Daga nan muka je wurin da manoma suka baje amfanin gona. Dalar shinkafa kam ta fitar da ni kunya, ta fi gidanmu tsawo da gaske. Muka ga kabewa da mutum biyu suke ɗauka, da albasa mai girman kan jariri, wadda matata ta ce ko kusa ba ta kai ta wanta ba. Muka shiga gidan tarihi, mazan suka maƙale a wurin takubba da masu, Auta ta nace sai ta buga wani tsohon tambari har mai gadi ya zare mata ido. A waje akwai mai raƙumi yana ɗaukar yara zagaye ɗaya. Auta ta hau tana dariya, raƙumin ya miƙe ta fasa kuka, ya durƙusa ta ce a ƙara. Muka sha rake, muka ci soyayyen kifi da yaji a takarda, aka saya musu balam-balam waɗanda ba su kai gida da rai ba. Da yamma mazan suka tafi kallon kokawa da dambe tare da ƙannena, suka dawo suna gwada juna a tsakar gida har suka kifar da tukunyar miya.

Ranar da ke biye ita ce ta wasannin ruwa, jajibirin babban kamu. Baba ya ce zai raka mu. Yaya ta so ta hana, sai ta ga gara ya yi kallo ya huce. Muka samu wuri a gaɓa ƙarƙashin wata rumfa, ya zauna a kan kujerar roba, ya ɗora Auta a cinya. Nan na ga Baban da na sani. Ana tseren kwale-kwale yana faɗin wanda zai ci tun kafin su kai rabi. Aka saki agwagi, samari suka bi su, agwagwa ta nutse ta ɓullo a bayansu, Baba yana dariya har da tari, yana cewa ta fi su karatu. Masu iyo da tulu a ka suka wuce, masu nutso suka shige ruwa muka yi ta jira har na fara jin numfashina yana ɗaukewa a madadinsu.

Sai aka zo tseren gora. Samari suka kifa ciki a kan goruna suna tuƙi da hannu da ƙafa. Na ga Auta ta miƙe tsaye a cinyar Baba tana nuni. Na buɗe baki zan ce mata ga mai alawa can, amma ta riga ni.

"Angona, irin wanga muna da shi gida. Ni ka hawa nai. Mama ka zuba albasa ciki."

Matata ta sunkuya tana neman wani abu a jaka wanda babu shi. Yaya ta kafa wa ruwa ido. Baba bai juyo ba. Ya gyara wa Auta ɗankwali, ya tambaye ta a hankali.

"Amarya, goran nan naku, akwai ɗumki ga bakinai?"

"Awo. Kamar kunama."

Ya gyaɗa kai. Ya kira mai alawa ya saya mata, har da ta gobe. Aka ci gaba da tsere, amma bai ƙara cewa komai a kan wanda zai ci ba.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Baba ba ya zagi in ransa ya ɓaci da gaske, ladabi yake ƙarawa. A hanyar gida ya fara kirana Malam. Malam ya shiga gaba, Malam ya yi hankali da kwata. Da muka isa ya sa aka shimfiɗa min tabarma ta baƙi, ya tambaye ni ya mutanen Birnin Kebbi, kamar ba shi ya haife ni ba. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. A madafi kuma Yaya ta tare ni da muciya a hannu.

"Kai munka aika, kai kab bari yarinya tat tona."

Na ce ai ba ni na haɗa su aure ba.

Bayan Magariba muka same shi a zaure, ni da Yaya, Inna tana bakin ƙofa. Yaya ta yi magana mai tsawo. Ta kawo hawan jini, ta kawo gwiwa, ta kawo turmutsutsu, ta ce ita ta shirya komai kuma in an sake ba ta dama za ta sake. Tsoro ne ya sa ta, kuma duk mun sani. Baba ya saurare ta har ta gama. Ya daɗe yana kallon ƙusar da goran yake rataye a da.

"Ban ce muku za ni kama giwan ruwa ba," in ji shi. "Na san hannuna. Amma ruwan ga ya san ni tun ban da wando. In bari za ni yi, ku bari in tai in yi bankwana da ƙahwata. Ba ku ɗauke min gora kamar an ɗauke wuƙa ga yaro ba."

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce ita dai tun farko ba ta ga komai ba. Can Yaya ta ja numfashi ta kafa sharaɗi. Zai shiga, amma ba shi kaɗai ba, ni zan riƙe masa gora, in shiga tare da shi, in fito tare da shi. Na tuna mata cewa rabona da kogi tun kafin in yi aure, kuma a tsakanin nan na tara tumbi. Ta ce hakan ma ya yi, goruna biyu sun fi ɗaya.

Ana sallame Asuba na tayar da mota. Hanyar zuwa Birnin Kebbi fayau take, duk motocin duniya Argungu suka nufa, ni kaɗai nake tafiya baya. Na shiga gida na yaye labule, na kifar da goran a tsakiyar falo. Albasa ta watse har ƙarƙashin kujeru, wasu suka gangara waje. Maƙwabcina mutumin Binuwai ya ji motsi ya leƙo, yana zaton ɓarayi ne. Da na ba shi labari a tsaitsaye, ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya kama min muka ɗaure goran da bel. Ya ce in gaida tsoho, kuma zai tsince albasar kafin madam ta dawo ta kashe ni.

Dawowar ce ta zama aiki. Tun kafin in ga gari motoci suka cushe, ba gaba ba baya, rana tana ta hawa. Na san in aka harba bindiga ina kan titi, ba zan iya sake kallon idon Baba ba. Na kutsa motar wani gidan mai na bar ta, na ɗora goran a ka na tare ɗan kabu-kabu mai babur. Yaron ya dube ni, babban mutum da shadda da agogo da gora a ka, bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka. Muka bi ta lunguna da bayan gonaki, hannuna ɗaya a kan gora, ɗaya a wuyansa. Mutane suna ta yi min kirari a hanya, wai ga wanda zai cinye gasar bana. Duk inda muka wuce sai warin albasa ya biyo mu.

Na same su a bayan sahun masunta, inda ƙannena suka ce za su tsaya da shi. Jama'a iya ganinka, kowa da homa a kafaɗa da gora a hannu, ana ta kiɗa daga cikin kwale-kwale, Sarkin Ruwa da mutanensa suna kai da kawowa a kan kogi. Baba yana tsaye da gajeren wandonsa na su da tsohuwar singileti. Na sauke goran a gabansa. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa shi zagaye, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Sannan ya sa hanci a bakin ya ɗago da sauri, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce albasar Augie ce wannan, ba ƙarya. Bai kira ni Malam ba. Na tuɓe shadda na ba ƙanena, na tsaya da wando da tumbi a gaban duniya.

Aka harba bindiga.

Ƙasa ta girgiza. Na ɗauki gora zan ruga, don jikina ya tuna abin da kaina ya manta, sai na ji an riƙe min hannu. Baba ne. Bai motsa ba. Muka tsaya muna kallon dubban mutane suna kwarara zuwa ruwa, suna ihu, wasu suna faɗuwa suna tashi. Sai da fili ya yi sarari, ba kowa sai takalman da aka zubar, sannan ya saɓa homa ya fara takawa. Ashe bai taɓa niyyar gudu ba. Ba wanda ya tambaye shi ne kawai.

Muka gangara a hankali, yana dafa kafaɗata a inda gaɓar ta yi santsi. Kogin ya cika da kawuna da raga har ba ka ganin ruwan sosai. Ya ja ni can gefe, wani lungu kusa da ciyayi inda ba cunkoso. Ruwan ya taɓa gwiwarsa, ya kai ƙugunsa. Na tura masa goran, ya kifa cikinsa a kai, ya ɗage ƙafafu. Nan take gwiwar da ke ƙara ta daina zama matsala. Ya juya dama, ya juya hagu, da ɗan motsin ƙafa kawai, goran yana binsa kamar ya san inda za shi. Ni kuwa ina biye ina taka laka, ina haki, ina shan ruwa ba da niyya ba. Mutumin da aka aiko ya tsare shi, shi aka riƙa juyowa ana tambaya ko lafiya.

Bai yi su da yawa ba. Ya nutsa homa nan da can, ya ɗago, ya sake. Yawancin lokacin yana kwance ne kawai a kan goran, haɓarsa kusa da ruwa, yana kallo. Can tsakiya aka yi ihu, wasu sun ci karo da babban giwan ruwa suna kokawar fito da shi. Baba ya ɗaga kai ya duba, ya yi murmushi, bai nufi wurin ba. Na ga leɓensa yana motsi. Ban ji abin da yake faɗa ba, ban kuma matsa ba, don na san ba da ni yake ba. A nan ne hawaye ya zo min, kuma na gode Allah da fuskata ta riga ta jiƙe.

Dab da a tashi ya haɗa homa biyu ya ɗago, sai ga karfasa guda tana wutsil-wutsil, ba ta fi tafin hannuna ba. Ya cire ta ya jefa a gora. Ya ce wannan ta yi sa'a, ta tarar da kayan miya suna jiranta.

Muka fito tare, kamar yadda Yaya ta ce. Suna can sama a gaɓa, ita da Inna da matata da yara. Yaya ta duba shi daga sama har ƙasa, ta taɓa goshinsa, ta rasa abin da za ta yi faɗa a kai, sai ta juyo kaina ta ce in sa riga ina ba mutane tsoro. Ana can ana jan manyan kifaye zuwa ma'auni, mazan suka ga wanda ya fi babansu nauyi da idonsu, suka zo suna ba ni haƙuri. Auta ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta zura hannu a gora ta fito da karfasar, ta ɗaga sama tana gaya wa duk wanda ya wuce cewa angonta ne ya kama mata. Da yamma Inna ta soya ta, aka ba amarya ita kaɗai, ta ɓantaro wa ango wutsiya.

Washegari muka yi shirin komawa. Na je na ɗauko mota daga gidan mai, muka loda kaya. Goran yana tsakar gida an kife shi ya bushe. Na ɗauko kujera na nufi zaure da shi don in mayar da shi ƙusarsa, wannan karon da rana tsaka kowa yana gani. Baba yana zaune a ƙofa. Ya ce in sauko. Na sauko. Ya karɓi goran ya rungume shi, ya taka da kansa har bakin mota, ya sa ƙanena ya buɗe ƙofar baya. Ya zaunar da shi kusa da Auta, ya jawo bel yana ta laluben inda ake maƙalawa, har sai da ta nuna masa.

Na ce Baba, ai an gama, goranka ne, ba mai sake taɓa shi.

"Na sani," in ji shi. "Mun yi sallama jiya. Kai shi Birnin Kebbi, ka ce ma ɗiyata ta maida albasatta."

Ya rufe ƙofar a hankali, ya buga rufin motar sau ɗaya da tafin hannu. Da na kai kwanar unguwa na duba madubi, yana nan tsaye a ƙofar gida, Inna a bayansa. Auta ta riga ta ɗora hannu a kan goran tana tambayar uwarta ko an taho da ludayi.